INA 'YA'YAN HAUSAWAN IKKO A MAKARANTUN ILMIN KUƊI?

Duk wanda ya san birnin Ikko ya san Mile 2, watau mahaɗar nan inda titin da ya taso daga Oshodi zuwa Apapa ya gitta babban titin Badagry. Nan tireloli da tankokin mai suke jeruwa suna jiran shiga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, nan kuma matafiya suke hawa motocin Seme da Kwatano da Lome. Tun watan Satumba na 2023 jirgin ƙasa na zamani ya fara jigilar mutane tsakanin Marina da wannan wuri. In mutum ya miƙe titin Badagry ya nufi yamma, zai iske Alaba Rago, wadda ta yi suna da cinikin raguna da kayan abinci daga Arewa, kusa da ita kuma akwai Jami'ar Jihar Legas ta Ojo, wadda aka kafa a 1983. A duk tsawon wannan hanya ba a rasa Bahaushe: ko direba, ko ɗan dako, ko mai raguna, ko dillalin hatsi da albasa, ko ɗan canji mai musayar Naira da Sefa da Dala.

Kuɗin da ke ratsa hannun waɗannan bayin Allah a rana ɗaya ba kaɗan ba ne, gwanintar da suke nunawa wajen juya su kuma ba ta wasa ba ce. Ɗan canji yana riƙe da farashin kuɗin ƙasashe uku ko huɗu a kansa, ya san wanda ya kamata ya rabu da shi kafin magariba da wanda ba laifi in ya kwana a hannunsa. Mai albasa a Aliero yakan loda tirela guda ya turo Ikko ba tare da an rubuta ko layi ɗaya na yarjejeniya ba, kuɗinsa kuma su iske shi. Sanin farashi, da auna kasada, da bayar da bashi, da tabbatar da cewa bashin zai dawo, su ne ainihin abin da manyan jami'o'in duniya ke kira ilmin sha'anin kuɗi, har suke ba da digirin dakta a kansa. Abin mamaki shi ne, da wuya a ji an ce ga ɗan wani Alhaji na Mile 2 ko Agege ko Idi-Araba yana can yana wannan karatu, alhali kuwa a manyan makarantun koyon kasuwanci na duniya karatun kyauta ne, har ma ana biyan ɗalibi.

Wannan magana ta kyauta tana bukatar bayani, domin mutane da yawa suna haɗa karatu iri biyu da ba ɗaya suke ba. Akwai digiri na biyu na gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA. Wannan haja ce ta sayarwa, makarantu da ita suke samun kuɗin shiga, kuma tsadarta sai 'ya'yan masu hali ko wanda kamfaninsa ya ɗauki nauyinsa. Sa'an nan akwai digiri na uku na bincike, watau digirin digirgir, wanda ake horar da mutum a cikinsa ya zama malamin jami'a mai tono sabon ilmi. A makarantu irin su Wharton ta Jami'ar Pennsylvania, da Booth ta Jami'ar Chicago a Amurka, da Makarantar Kasuwanci ta London, da INSEAD a Faransa, wanda aka ɗauka wannan karatu ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma ana ba shi alawus na zama har tsawon shekara biyar galibi. A manyan makarantun Amurka alawus ɗin ya haura Dala 40,000 a shekara, ko da yake kada wannan ya ruɗi kowa, domin haya da abinci a garuruwan suna cinye mafi yawansa. A ƙasashen Denmark da Norway kuwa, ɗalibin dakta ma'aikaci ne na jami'a, da takardar ɗaukar aiki da albashi, kamar yadda ake yi a Makarantar Kasuwanci ta Copenhagen da ta tattalin arziki da ke Bergen.

Ba sadaka makarantun suke yi ba. Darajar kowace makaranta a wurin takwarorinta ta dogara ne ga binciken da malamanta suke bugawa da kuma irin jami'o'in da suke ɗaukar ɗalibanta aiki bayan sun gama. Saboda haka suna neman yara masu kaifin ƙwaƙwalwa su taya malamai aikin bincike da koyarwa, su kuma ɗaga sunan makaranta nan gaba. Shi ya sa ba su tambayar ɗan wane ne, shi ya sa kuma ba su ɗaukar mutane da yawa. A fannin kuɗi, makaranta guda sau da yawa ba ta ɗaukar ɗalibai goma a shekara, daga cikin ɗaruruwan masu nema daga ko'ina a duniya.

To, me suke dubawa? Lissafi ne kan gaba. Yaron da ya karanta aikin banki ko akanta ya fito da sakamako mai kyau yakan ɗauka shi ne ya fi cancanta, amma sau da yawa wanda ya karanta lissafi, ko ƙididdiga, ko injiniya, ko tattalin arziki mai lissafi da yawa, shi ake zaɓa. Dalili kuwa shi ne, shekara biyun farko darussa ne zalla na ka'idojin tattalin arziki, da aljabara, da kalkulas, da ƙididdiga, da ka'idojin farashin hannun jari da na bashi, a ƙarshensu kuma akwai jarrabawa wadda in mutum ya faɗi sai ya tattara nasa ya nasa. Bayan lissafi sai sakamakon jarrabawar GRE ko GMAT, da wasiƙu uku daga malaman da suka san aikin ɗalibi da idonsu, da takardar da zai bayyana tambayar da yake son ya bincika. Wasiƙar babban mutum, ko sarki ne ko sanata, ba ta da wani nauyi a nan. Ta ƙaramin lacca wanda ya zauna da yaro suka yi aikin bincike tare ta fi ta amfani nesa ba kusa ba. Ana buɗe neman shiga wajen watan Satumba, a rufe a Disamba ko farkon Janairu, amsa kuma ta fito tsakanin Fabrairu da Maris. Abin da ɗalibi zai kashe daga aljihunsa shi ne kuɗin jarrabawa, wanda ya haura Dala 200, da kuɗin cika takardar kowace makaranta, kuma wasu makarantun suna yafe wannan ga wanda ya nuna ba shi da hali. Duk wani ejan da ya ce a kawo miliyoyi zai samo gurbi a irin wannan karatu, to, ɗan damfara ne, domin babu wata ƙofa ta baya.

Wani zai ce, mene ne haɗin ɗan mai goro na Agege da wannan duka? Haɗin tsoho ne. Tun kafin a buɗe hanyar dogo daga Ikko har Kano a 1912 fatake suke ɗauko goro daga Gwanja, kuma Alhassan Dantata yana cikin na farkon da suka riƙa ɗora shi a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Ikko. Da manoman ƙasar Yarbawa suka dasa goro a kewayen Agege da Shagamu, sai Hausawa suka kafa zango kusa da tashar jirgi, suna saye suna ɗaure huhu suna aikawa Arewa. Wannan fatauci bai taɓa tsayawa a kan banki ba. A kan fatoma ya tsaya, watau maigidan da ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa lamuni. Har yanzu ana ba da labarin yadda Alhassan Dantata ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 bankin Turawa da aka buɗe a Kano a 1929, abin da ke nuna dukiyar ta riga bankin zuwa.

Waɗanda suka zauna suka rubuta yadda wannan tsari yake aiki kuwa, yawancinsu baƙi ne. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, ya ga yadda ake sayar wa mahauta Yarbawa shanu bashi, babu takarda babu kotu, sai amanar maigida da dillalansa, waɗanda suka san halin kowane mahauci da iyakar abin da zai iya biya. Ya buga bayanin a 1965, ya kuma fitar da littafi a 1969, wanda har gobe ana karanta shi a jami'o'i. Misalin da ya fi dacewa da wannan magana shi ne na Christopher Udry, Ba'amurke, ɗalibin dakta a Jami'ar Yale, ko da yake shi a sashen tattalin arziki ya yi karatunsa. A 1988 da 1989 ya bibiyi kusan gidaje 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya, yana rubuta wanda ya ranci wani da yadda aka biya. Ya tarar mafi yawan rancen tsakanin 'yan uwa ne da mutanen gari ɗaya, ba rubutu, ba jingina, ba a kuma yanka ruwa tun farko. Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne yadda biyan yake tafiya da halin da mutum ya shiga: in wanda ya ci bashi ya gamu da asara a gona ko rashin lafiya, sai a sassauta masa ko a jinkirta, in kuwa mai bayarwa ne masifa ta faɗa wa, sai wanda ya karɓa ya biya da wuri har ya ƙara. Watau bashi ya zama inshora. Kowane tsoho a waɗannan ƙauyuka ya san haka tun yana yaro, bai dai san cewa ilmi ne da za a buga a manyan mujallu ba. Udry ya buga a 1990 da 1994, ya sami digirinsa a 1991, ya zama farfesa a Yale, daga baya ya koma Jami'ar Northwestern. Ba abin zargi ba ne a kansa, aiki ya yi mai kyau. Amma dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yaron da ya tashi a rumfar ubansa a Mile 2 yana da harshe da amana da sanin gida waɗanda baƙo sai ya shekara bai samu ba.

Rashin irin waɗannan masana yana da tsada, kuma an ga tsadar a 'yan shekarun nan. A watan Yuli na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya daina sayar wa 'yan canji Dala. A watan Oktoba na 2022 aka ba da sanarwar sauya fasalin manyan takardun Naira, farkon 2023 kuma tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwa, masu kayan gwari na Mile 12 suka riƙa kallon tumatir da tattasai suna ruɓewa, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. A watan Yuni na wannan shekara aka saki Naira kasuwa ta yanka mata farashi. Ran 1 ga Maris 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, a watan Mayu kuma ya ce mai son lasisi babba ya kawo jarin Naira biliyan 2, mai son ƙarami Naira miliyan 500, ya kuma hana canji a bakin titi. Ba za a ce duk waɗannan matakai kuskure ne ba, domin kowa ya san an yi almundahana a harkar canji, kuma ba ƙarama ba. Abin tambaya shi ne, wa ya auna yawan mutanen da ke cin abinci ta wannan sana'a, da aikin da suke yi wa matafiyin Kwatano da ƙaramin ɗan kasuwa wanda banki ba ya saurararsa? In ana zaman tsara doka, ba a sauraron ƙorafi kamar yadda ake sauraron alkaluma. Wanda ya zo da bincike a hannu, mai lissafi da hujja, shi ake ba kujera. Ƙungiyar 'yan kasuwa tana iya ɗaukar lauya, amma lauya sai bayan an yi doka yake da aiki. Haka kuma binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na baligan Nijeriya ba su hulɗa da kowace irin kafar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa kusan rabi ne. Dalilin haka tambaya ce da ta isa kundin dakta goma.

Ba wai Arewa ba ta taɓa fitar da irin waɗannan mutane ba. Dr. Shamsuddeen Usman, mutumin Kano, ya yi digirinsa na dakta a Makarantar Tattalin Arziki ta London, ya koyar a jami'a, ya kuma riƙe Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Wanda ya gaje shi, Dr. Mansur Muhtar, a Jami'ar Sussex ya yi nasa, kuma shi ne shugaban Ofishin Kula da Basussuka lokacin da ƙasashen Ƙungiyar Paris suka yafe wa Nijeriya bashin Dala biliyan 18 a 2005. Waɗannan daktocin karatu ne, ba irin na girmamawa da attajirai ke karɓa ranar bikin yaye ɗalibai ba, wanda yanzu ya yi yawa har ya sa yara suna ganin ai digirin ma saye ake yi.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da ɗan Bahaushe haifaffen Ikko. Tallafin karatu na Jihar Legas na 'yan asalin jihar ne. Na jihohin Arewa kuma sai da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, ga yaron da watakila sau biyu ya taɓa zuwa garin kakansa, babu kuma wanda ya san shi a sakatariya. Ko shirin da Gwamnatin Kano ta farfaɗo da shi a 2023, na tura ɗalibai 1,001 digiri na biyu a ƙasashen waje, na 'yan jiha ne masu sakamako mafi daraja. Asusun TETFund yana biya wa malaman manyan makarantun gwamnati ne kawai, daga farkon 2025 kuma ya dakatar da tura sababbi ƙasashen waje, saboda tsada da kuma yawan waɗanda ba su dawowa. Sukolashif na ƙasashen Kwamanwel, wanda aka kafa a 1959, ta hannun Hukumar Sukolashif ta Tarayya ake neman yawancinsa, guraben kuma kaɗan ne. Ita makarantar da ke biyan ɗalibinta da kanta ba ruwanta da takardar ƙaramar hukuma. Sai dai biza ta zama nata shingen: tun 2025 Amurka ta tsananta sharuɗɗanta ga 'yan Nijeriya, don haka mai hankali ba ya zuba ƙwansa duka a can. A Ingila, dokar da ta fara aiki a Janairun 2024 ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, amma ta bar masu karatun bincike irin na dakta, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai mata da 'ya'ya.

Da wuya ɗalibi ya tsallaka kai tsaye daga digirin farko a Ojo ko Akoka zuwa irin waɗannan makarantu, yawanci sai ya taka wani tsani. Motar Kwatano da ke lodi a Mile 2 tana iya kai shi kusa da ɗaya daga cikinsu, watau Makarantar Tattalin Arziki ta Afirka, wadda Farfesa Leonard Wantchekon na Jami'ar Princeton ya kafa a Abomey-Calavi ta Jamhuriyar Benin a 2014, kuma ɗalibanta da dama sun wuce karatun dakta a Amurka da Turai. Akwai cibiyar lissafi ta AIMS, wadda ta fara a Afirka ta Kudu a 2003, take da rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, tana ba da digiri na biyu a lissafi kyauta, da ci da kwana. Akwai ƙungiyar AERC mai hedkwata a Nairobi, wadda ke tallafa wa karatun dakta a tattalin arziki tare da wasu jami'o'in Afirka, har da ta Ibadan. A gida kuma akwai Makarantar Kasuwanci ta Legas da ke Ajah, wadda aka kafa a 1991, da Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, da ta Jami'ar Ahmadu Bello. Illar karatun gida ita ce yawanci ɗalibi ne ke biya, yana aiki da rana yana karatu da dare, sai kundin da ya kamata a gama cikin shekara huɗu ya ɗauki takwas.

Iyaye da yawa suna ƙyamar wannan fanni don tsoron riba, kuma tsoron yana da tushe a addini. Amma nazarin yadda kasuwar kuɗi take aiki daban, cin riba daban, kuma bankunan da ba su ta'ammali da ruwa su ma sai da masana. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da sukuk na farko na Naira biliyan 100 a 2017 don gina tituna. Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman kan harkar banki da kuɗi ta Musulunci, a Malesiya kuma akwai jami'ar INCEIF wadda Babban Bankin ƙasar ya kafa a 2005 don wannan fanni kaɗai.

Shingen da ya fi duka tsawo yana cikin gida. Yaro ya gama digiri yana da shekara 23 ko 24, ya yi bautar ƙasa, uba ya riga ya ware masa rumfa da jari, ana kuma maganar aure. Sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina son in ƙara shekara biyu, sa'an nan biyar." Uban da ya ga tsaran ɗansa sun sayi mota da cinikin wata shida ba zai ji daɗin wannan magana ba, kuma ba za a ce ba shi da hujja ba, domin shekara bakwai ba kwana bakwai ba ne, ba kowa ne kuma ya shiga yake fita da digirin ba. Ga 'ya mace abin ya fi wuya, ko da ita ce ta fi kowa lissafi a gidan. Gidan da ke da 'ya'ya goma a kasuwa dai ba zai talauce don ya bar ɗaya ya bi wannan hanya ba, musamman tun da ba a ce ya kawo kuɗin makaranta ba.

Akwai kuma wani abu da uba zai iya ba ɗansa wanda ba ya samuwa a Chicago ko London. A rumfunan canji, da shagunan dillalan albasa da shanu, da wajen shugabannin adashi, akwai tsofaffin littattafai na ƙididdigar ciniki, wasu da boko wasu da ajami, shekara da shekaru: farashin Sefa na kowace rana, sunan wanda ya ci bashi da ranar da ya biya, la'adar da aka cire, asarar da aka raba lokacin da mota ta faɗi a hanyar Jebba. Masu binciken kuɗi suna yawo duniya neman irin waɗannan alkaluma, ba su samu, domin ɗan kasuwa ba ya buɗe littafinsa ga baƙo, yana tsoron jami'in haraji da na EFCC da abokin gasa. Ka'idar bincike a jami'o'i ta tilasta a ɓoye sunayen mutane kafin a yi amfani da irin wannan bayani, kuma akwai kwamiti da ke duba haka kafin a ba ɗalibi izinin fara aiki. Ɗan gida ne kaɗai zai iya zama da Alhaji bayan sallar isha'i ya fahimtar da shi wannan, har ya yarda ya jawo akwatin da littattafan suke ciki.